9mm Ko .45: Wane Harsashi Ne Ya Fi Tsayar Da Mutum?

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, amma daga cikin wayar maganar ta taso. Idan kana buga PUBG Mobile ko Call of Duty ko Free Fire, na san ka taɓa faɗawa musun nan: wace ƙaramar bindiga ce ta fi ƙarfi? Wani ya ce P1911 ce tunda harsashinta .45 ne, wani ya ce P92 ce tunda ta fi cin harsasai, na uku ya shigo da Desert Eagle ya ce a rufe taro. Da a cikin gem musun ya tsaya, da babu abin rubutawa. Sai dai na lura da yawanmu sun ɗauki lambobin da suke gani a fuskar waya a matsayin yadda abin yake a zahiri, wato akwai harsashin da in ya taɓa mutum sai ya faɗi nan take, akwai kuma ƙaramin da bai wuce cizon sauro ba. Duka biyun kuskure ne, kuma na biyun yana iya jawo asarar rai.

Amurkawa suna da suna na musamman da suke kiran wannan abu, ma'anarsa ƙarfin tsayarwa. Sun fi shekara 100 suna musu a kai, sun kashe maƙudan kuɗi, sun sauya bindigogin sojojinsu da na jami'an tsaronsu saboda shi. Ra'ayina shi ne, a tsakanin harsasan fistol da sojoji da 'yan sanda ke riƙewa, bambancin ƙarami ne ƙwarai, bai kai hayaniyar da ake yi a kansa ba. Bari in nuna maka dalilina.

Fara da sunayen kansu, domin su ne ke fara ruɗa mutum. Idan aka ce 9mm, ana nufin faɗin harsashin milimita 9 ne. Idan aka ce .45, ana nufin kashi 45 cikin 100 na inci ɗaya, wato wajen milimita 11 da rabi. Shi kuma .40 ya ɗan haura milimita 10. Ka ga ke nan duk tazarar da ke tsakanin babban da ƙaramin ba ta wuce milimita 2 da rabi ba. Ɗauko rula ka duba, ko kaurin wayar cajarka bai kai ba. Wani abin dariyar ma, harsashin da ake kira .38 Special faɗinsa na gaskiya .357 ne na inci, wato kusan daidai yake da 9mm. Sunan ne kawai ya yi kama da babba.

To nauyi da gudu fa? Harsashin 9mm da aka fi sani nauyinsa wajen giram 8 ne, yana fita da gudun kusan mita 360 a daƙiƙa ɗaya. Na .45 nauyinsa wajen giram 15 ne, kusan ninki biyu, amma gudunsa bai wuce mita 250 zuwa 260 a daƙiƙa ba. Ɗaya mara nauyi mai sauri, ɗaya mai nauyi mai nawa. Idan ka yi lissafin kuzarin da kowanne ke ɗauke da shi, sai ka tarar duka biyun suna zagaye da jul 500. Kwatanta da harsashin AK-47, wanda ke ɗauke da kusan jul 2,000. Can ne ake samun bambanci na gaske, tsakanin fistol da doguwar bindiga. Tsakanin fistol da fistol kuwa, 'yan gida ɗaya ne ke rigima a kan wa ya fi tsawo.

Jul 500 ɗin nan, don ka gane girmansa, shi ne kuzarin da za ka kashe in ka ɗaga buhun siminti mai kilo 50 sama da mita ɗaya. Batirin wayar da ke hannunka, in mai 5,000mAh ne, yana riƙe da kusan jul 69,000 in ya cika. Ya ninka harsashin fiye da sau 130, kuma a ƙarƙashin matashin kai kake kwana da shi. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne, lamba ita kaɗai ba ta gaya maka abin da zai faru. Kai da ka taɓa sayen waya mai megafiksel 108 ka dawo gida ka ga hotonta bai kai na wata mai 12 ba, ai ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Sai maganar fim, inda ake harbin mutum ya tashi sama ya fasa gilashin taga. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma dokar Newton ta uku da aka koya mana a sakandare ta isa ta ƙaryata ta. Duk ƙarfin turin da harsashi ya tafi da shi gaba, kwatankwacinsa ne ke dawowa hannun mai harbin. In da harsashin zai iya jefar da wanda ya samu, da mai bindigar ma ya sha ƙasa. Yi lissafin da kanka: giram 8 sau mita 360, ka raba da nauyin mutum mai kilo 70. Abin da za ka samu turi ne na wajen santimita 4 kacal a daƙiƙa. Ƙwallon ƙafa da ɗan wasa ya sheƙa da ƙarfi ta fi harsashin 9mm tura mutum sau uku ko huɗu, kuma kullum masu tsaron gida suna tare ta da ƙirji suna nan tsaye.

To daga ina labarin cewa .45 ne sarki ya samo asali? Daga ƙasar Filifin. A farkon shekarun 1900 sojojin Amurka suna yaƙi da al'ummar Moro, Musulmin kudancin ƙasar, waɗanda suka ƙi yarda da mulkinsu. Libarbar da sojojin ke riƙe da ita a lokacin tana cin harsashin .38 Long Colt ne, sai rahotanni suka riƙa zuwa cewa ana harbin mayaƙin Moro sau da yawa amma ya ci gaba da tahowa da takobinsa har ya iso. Rundunar ta koma ta ɗauko tsoffin bindigogi masu .45 daga ma'ajiya. A 1904 aka ɗora wa mutum biyu aikin bincike, John Thompson da wani likitan soja, Manjo Louis LaGarde. Thompson ɗin nan shi ne daga baya aka sa wa Tommy Gun sunansa, wadda kake tsinta a PUBG. Yadda suka yi gwajin sai ka riƙe baki: sun je mayankar dabbobi a Chicago suna harbin shanu masu rai suna duba wanne zai riga faɗuwa, sannan suka rataye gawarwaki suna harbi suna kallon yadda suke lilo. Da wannan suka yanke cewa kada harsashin soja ya gaza .45. John Browning ya ƙera harsashin .45 ACP da bindigarsa, rundunar ta karɓe ta a 1911, ta zama M1911, aka yi yaƙin duniya biyu da ita. Ba a sauke ta ba sai 1985, lokacin da aka koma Beretta M9 mai cin 9mm don a daidaita da sauran ƙasashen NATO. Shi kuwa 9mm ɗin ma ba yaro ba ne, Georg Luger ya ƙirƙiro shi a Jamus tun farkon shekarun 1900, ya ma ɗan girme wa .45 ACP.

Ka ga ke nan ginshiƙin da aka ɗora darajar .45 a kai gwajin shanu ne da gawa mai lilo. Masu binciken da suka zo daga baya sun daɗe suna sukar wannan gwaji da cewa bai cika ƙa'idar kimiyya ba.

Labarin da ya fi komai buɗe mini ido shi ne na Miami. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an FBI 8 suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, dukansu tsoffin sojoji. Musayar wutar ba ta kai minti 5 ba, amma an harba harsasai wajen 145. An kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, an raunata biyar. Tun ba a yi nisa ba Dove ya sami Platt da harsashin 9mm, ya ratsa hannunsa na dama, ya shiga ƙirji, ya huda huhu, ya tsaya saura kamar inci ɗaya ya isa zuciya. Binciken gawa ya nuna wannan rauni shi kaɗai ya isa ya kashe shi. Amma Platt ya ci gaba da harbi da doguwar bindigarsa, kuma bayan wannan raunin ne ya kashe jami'an nan biyu, har da shi wanda ya harbe shi. An same shi sau 12 kafin wani jami'i mai suna Edmundo Mireles, wanda shi ma hannunsa ɗaya a ragargaje yake, ya kawo ƙarshen abin. Da aka gwada jinin 'yan fashin, ba a sami wata ƙwaya a jikinsu ba.

FBI ta ɗora laifin a kan harsashin, ta ce bai nutsa sosai ba. Ta koma wani babba mai suna 10mm Auto. Nan da nan wata matsala ta ɓullo: bindigar ta yi girma, ta yi nauyi, tana tokarin hannu da ƙarfi, jami'ai da yawa suka kasa sarrafa ta. Sai aka rage mata albarushi. Da kamfanin Smith & Wesson ya ga an rage albarushin, sai ya ce to me ya sa kwanson zai ci gaba da zama dogo? Suka haɗa kai da Winchester suka gajarta shi, aka haifi .40 S&W a 1990. A 1997 FBI ta rungumi bindigogin Glock masu cin .40, rundunonin 'yan sandan Amurka da yawa suka bi sahu. Ka san ƙarshen labarin? A 2014 sashen horarwa na FBI ɗin ya fitar da bayani cewa a koma 9mm, kuma a 2016 aka ba Glock kwangilar sababbin bindigogi masu 9mm. Kusan shekara 30 ana zagaye, aka dawo inda aka tashi.

Dalilan da suka bayar su ne ainihin abin da nake so ka ji. Na farko, fasahar ƙera kan harsashi ta ci gaba, har 9mm na zamani yana cin jarrabawar da hukumar ta kafa bayan Miami, wato ya nutsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren jeli da ake haɗawa don ya kwaikwayi tsokar mutum. Na biyu, sun ce likitocin da ke yi wa waɗanda aka harba tiyata ba sa iya bambance raunin 9mm da na .40 da na .45 da ido. Na uku, wanda ya fi ba ni mamaki, sun ce jami'an tsaro suna kuskure kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na harbin da suke yi a lokacin artabu na gaske. Horarrun mutane ke nan fa, waɗanda aikinsu ke nan. In haka ne, harsashin da bai cika girgiza hannu ba, mai araha da za a yi ta atisaye da shi, wanda magazin ke ɗaukar da yawa, ya fi wa hukuma amfani. Glock 17 tana ɗaukar 9mm guda 17, Glock 22 tana ɗaukar .40 guda 15, Glock 21 kuwa .45 guda 13.

Kada ka fahimce ni a karkace. Ban ce duk harsasan duniya ɗaya ba ne. Masoya .45 suna da hujja ɗaya mai kyau: rami mai faɗin milimita 11 ya fi mai 9 girma, wannan lissafi ne, ba mai ja. Haka kuma ƙananan harsasai irin .22 da .25 sun fi saurin tsayawa a hanya in sun ci karo da ƙashi ko kaya masu kauri, shi ya sa ba ka ganin wata runduna ta raba wa jami'anta su a matsayin bindigar aiki. Manya irin .44 Magnum da .50 na Desert Eagle suna da kuzarin da ya ninka na 9mm, amma nauyinsu da tokarinsu sun sa sun fi zama kayan mafarauta da masu sha'awa da masu shirya fim. Abin da nake cewa shi ne, a tsakanin ukun nan da ake ta musu a kansu, ɗan fifikon da ɗaya yake da shi a takarda yana narkewa da zarar an zo ga jikin mutum mai rai.

Domin jikin mutum ba shi da layin lafiya irin na gem, wanda ke raguwa da maki 35 ko 40 a kowane harbi har ya ƙare. Wani jami'in FBI mai suna Urey Patrick ya yi rubutu a kan wannan a 1989, kuma har yau ana komawa gare shi. A bayaninsa, mutum yana tsayawa nan take ne kawai in an lalata cibiyar da ke ba jiki umarni. In ba haka ba, sai zubar jini ta yi yawa har ƙwaƙwalwa ta rasa iska, kuma wannan yana ɗaukar lokaci. Ya ce ko da zuciya ta daina aiki gaba ɗaya, iskar da ta rage a ƙwaƙwalwa tana iya ba mutum daƙiƙa 10 zuwa 15 yana motsi da niyyarsa. Sauran masu faɗuwa da yawa kuwa, tsoro da zafi da firgici ne ke kayar da su, ko kuma don sun saba ganin cewa wanda aka harba faɗuwa yake yi. Wannan ɓangare na tunani babu na'urar da ke auna shi. Shi ya sa wani zai zube saboda ƙujewa a hannu, wani kuma kamar Platt ya ci gaba da tafiya da raunin da zai kashe shi.

Su kuma lambobin gem, ka sani ma'aikatan kamfani ne suka zauna a ofis suka tsara su don wasa ya yi daɗi. A 2019 masu PUBG sun wayi gari sun mayar da UMP9 ta zama UMP45, suka sauya Vector daga .45 zuwa 9mm, don kawai su daidaita ƙarfin bindigogin. Da suka shigo da Desert Eagle, harsashin .45 suka ba ta, alhali ta gaskiyar .357 Magnum ko .44 Magnum ko .50 take ci. Libarbar R1895 a wasan harsashi ɗaya take ci da AKM, abin da ba zai yiwu ba a zahiri. Ni ban ga laifinsu ba, wasa suke sayarwa. Laifin namu ne in muka ɗauki teburin dameji muka mayar da shi littafin kimiyya.

Yanzu ga inda abin ya shafe ka. Na san galibinmu ba za mu taɓa riƙe fistol ba, kuma a Najeriya tana cikin makaman da dokar bindigogi ta hana farar hula mallaka sai da lasisi na musamman. Amma a yanayin da muke ciki, kana iya samun kanka a kusa da wanda harsashi ya samu, a hanya ko a kasuwa ko wajen biki da wani ya harba sama. A nan ne tunanin "ai ƙaramar bindiga ce" da "ai ga shi yana tafiya da ƙafarsa" ke yin illa.

Duba abin da ya faru da shugaban Amurka Ronald Reagan ranar 30 ga Maris, 1981, a ƙofar wani otal a Washington. Da libarba mai harsashin .22 aka harbe shi, wanda nauyinsa bai kai giram 3 ba, kuma sai da harsashin ya daki jikin mota kafin ya dawo ya shige shi ta ƙarƙashin hammatar hagu. Shi kansa bai san an same shi ba. Ya zaci haƙarƙarinsa ne ya karye da mai tsaronsa ya tura shi cikin mota. Sai da mai tsaron, Jerry Parr, ya ga yana tarin jini, ya ce a juya a nufi asibiti maimakon fadar shugaban ƙasa. Reagan ya sauka daga mota da ƙafarsa, ya taka zuwa ƙofar asibiti, yana shiga ya durƙushe. Harsashin yana cikin huhunsa, kusan inci ɗaya da zuciya, kuma ya zubar da kusan rabin jinin jikinsa, akasari ta ciki inda ido ba ya gani. Da irin wannan ƙaramin harsashi aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968.

Saboda haka in ka ga wanda aka harba yana magana, yana cewa ba komai, ramin ma ɗan ƙarami ne, kada ka tsaya tambayar wace irin bindiga ce. Sami ƙyalle mai tsabta ka danne inda jini ke fita da ƙarfi, kada ka ɗaga, kada kuma kowa ya sa hannu wai zai ciro harsashin. Kira 112 a wayarka ko a nemi mota a tafi asibiti mafi kusa. In tsoronka shi ne za a ce sai an kawo takardar 'yan sanda, ka sani tun 2017 akwai dokar tarayya a Najeriya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ko da babu takardar 'yan sanda, kuma ba tare da an ajiye kuɗi tukuna ba. Asibitin ne dokar ta ɗora wa nauyin sanar da 'yan sanda cikin awa 2 da fara maganin, sannan ta hana a takura wa wanda ya taimaka ya kawo shi da tambayoyin da ba su da dalili.